Makiyaya Sun Koma Wurin Tumakinsu

'Yan'uwana matasa a cikin Kristi, an naɗe kayan ado, waƙoƙin Kirsimeti sun yi shiru, Janairu ya shigo da bashinsa da jarrabawarsa da neman aikinsa. A irin wannan lokaci ne gwiwar mutum takan yi sanyi, har ya fara tunanin ko bangaskiyarsa ce ta tafi. Ba ta tafi ba. Murnar biki ce ta wuce, ita kuwa dama ba mai zama ba ce.

Ku buɗe Luka 2:20. Makiyayan da suka ji mala'iku, suka ga jaririn a kwamin dabbobi, komawa suka yi wurin garkensu, ga sanyin dare, ga tsaro, amma suna yabon Allah. Yusufu da Maryamu ma, da suka kai Yesu Haikali bayan kwana 40, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Daga baya suka tsere Masar da dare saboda Hirudus. Haihuwar Mai Ceto ba ta ɗauke musu talauci ko tsoro ba. To, bege ba fatan alheri ba ne. Fata yana jiran yanayi ya gyaru, bege kuwa yana tsaye a kan alkawarin wanda ba ya ƙarya. Shi ya sa Ibraniyawa 6:19 ta kwatanta shi da anka, ƙarfen da ake jefawa ƙarƙashin ruwa don kada igiyar ruwa ta tafi da jirgi.

Kuskuren da ya fi kayar da matasa shi ne ɗaukar kaya fiye da ƙarfi. Ran 1 ga wata mutum ya yi alkawarin karance Littafi Mai Tsarki a shekara. Surori 1,189 ne, wato uku zuwa huɗu kullum. Farawa da Fitowa suna tafiya da daɗi, sai ya iso dokokin hadaya, ya tsallake kwana biyu, su zama goma, kunya ta hana shi komawa. Ku fara da Luka, sura ɗaya a rana. Tana da 24. Ku zarce cikin Ayyukan Manzanni mai 28, marubucinsu ɗaya ne, labarin ma ci gaba ne. Kwana 52 ke nan: wanda ya fara 1 ga Janairu zai gama 21 ga Fabrairu. Minti 10 sun isa. Ku ɗaura karatun a jikin abin da ba kwa fasawa, kamar bayan wanke fuska da safe, waya kuma a ajiye ta nesa da hannu. In ka fara taɓa ta, minti goman sun tafi, kai ma ka sani. Ranar da ka rasa, kada ka ce sai ka rama biyu gobe. Ci gaba daga inda ka tsaya.

Ka samu ƙaramin littafin rubutu. Kowace rana layi biyu: abin da ayar ta faɗa game da Allah, da roƙo ɗaya takamaimai, da kwanan wata. "Ya Ubangiji ka albarkace ni" ba ya barin sawu da za ka waiwaya ka gani. Rubuta sunan matsalar. Ƙarshen wata ka sake karantawa. Maryamu ta riƙe abubuwan da ta gani tana biya su a zuciyarta, mu kuwa masu mantuwa ne, gara mu rubuta.

Maganar bashi, ku yi haƙuri, dole a faɗe ta. Wanda ya ci bashi don bikin, yana kauce wa mai bin sa, ba zai sami kwanciyar rai a addu'a ba. Zauna ka lissafa wa da wa ke bin ka, nawa nawa. Kira su kafin su kira ka, ka faɗi ranar da za ka iya biya da gaske.

Kada ku bar taruwa. Majami'a takan cika maƙil a Disamba, kujeru su koma wayam a tsakiyar Janairu, kuma garwashin da aka ware shi ne yake fara mutuwa. Ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da zai riƙa tambayarka kowane mako ina ka kai. Marayu, marasa lafiya da gwaurayen da aka tuna da su a lokacin biki suna nan a Maris, ba wanda ya leƙa su. Zaɓi mutum ɗaya, ka sa rana a wata, ka je.

Wanda kuma bikin ya same shi cikin makoki, ko ya shiga shekara ba amsa, kada kowa ya matsa masa ya yi dariyar dole. Ya karanta Zabura 42 da Makoki 3:19-26 da murya, sannu a hankali. Saminu ya tsufa yana jiran ta'aziyyar Isra'ila kafin ya rungumi jaririn, Hannatu kuma ba ta rabuwa da Haikali, dare da rana, tana azumi da addu'a. In ka san irin wannan ɗan'uwa, je ka zauna kusa da shi, ku karanta tare.