Kwas ɗin da muke rainawa, asibiti ne ya fi buƙatarsa

A Najeriya, idan yaro ya samu gurbi a sashen ilimin motsa jiki da lafiya, wanda aka fi sani da PHE, sai ka ga fuskar iyaye ta sauya. "To, malamin wasanni za ka zama ke nan?" Da yawa sun ɗauka kwas ne na wanda makinsa na JAMB bai kai likitanci ba. Ban ga laifinsu sosai ba, domin a ABU Zariya da Jami'ar Ibadan sashen yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne, kuma hanyar da aka share wa ɗalibi ita ce ta aji da filin makaranta.

A nan Ingila inda nake zaune, kimiyya ce sosai. Jami'ar Loughborough ta daɗe tana kan gaba a duniya a wannan fanni. Ɗalibi yana karanta sassan jiki, da yadda tsoka ke ƙona makamashi, da lissafin ƙididdiga. A ɗakin gwaji za ka ga an ɗora mutum a kan na'urar gudu, an rufe masa baki da hanci da takunkumi mai bututu, ana ƙara saurin na'urar kaɗan-kaɗan har ya gaza. Lokaci-lokaci a ɗan soke shi a kunne ko yatsa a ɗibi ɗigon jini. Daga nan ake sanin iskar da jikinsa ke iya sha, da irin atisayen da zai amfane shi ba tare da ya cutu ba.

Amma kada kowa ya ruɗu. Yaran nan galibi ƙwallo ce ta jawo su, kowa na mafarkin aiki da babban kulob, yana duba bayanan rigar GPS mai auna gudu da nisa, wadda 'yan wasa ke sawa a atisaye. Guraben kaɗan ne, masu digirin kuma sun yi yawa, wasu sai su ƙare suna horar da mutane a gidan motsa jiki. Digirin kuma bai mai da mutum likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi. Wannan sai an ƙara karatu an yi rajista.

Ni a ganina, darajar fannin tana wajen marasa lafiya. Tun 1953 Dokta Jerry Morris ya nuna cewa kwandastocin motocin Landan masu hawa biyu, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako ga babban mutum. A nan, wanda ya tashi daga bugun zuciya ana tura shi ajin farfaɗowa, inda ake auna bugunsa yana taka keke. Ostireliya ta wuce haka: tun 2006 inshorar lafiya ta gwamnati take biyan wani kaso na kuɗin ganin ƙwararren motsa jiki, idan likita ya tura mai ciwo na dindindin.

Mu kuwa hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun shiga gidajenmu. Likita zai rubuta magani ya ce, "Baba, a riƙa motsa jiki." Baba ya dawo gida bai san ta ina zai fara ba, ga ciwon gwiwa, ga tsoron kada ya yanke jiki ya faɗi. Wa zai zauna da shi ya tsara masa tafiyar minti goma, ya duba jininsa kafin da bayan, ya ƙara masa a mako mai zuwa? Wannan aikin ne na ɗalibin da muke rainawa.

Shi ya sa nake roƙon jami'o'inmu su buɗe wa wannan sashe reshen asibiti, su riƙa tura 'yan ajin ƙarshe asibitocin koyarwa su yi aiki tare da likitocin zuciya da na fisiyo, a kuma samar musu da rajista da matakin albashi a aikin lafiya.