Wa Ke Yanke Kuɗin Ɗaki, Abinci da Littafi a Jami'a?

Duk lokacin da aka tayar da zancen shugabancin jami'a, hankalin mutane yakan tafi ne kan wa za a naɗa shugaba, wa zai shiga majalisar gudanarwa, wane farfesa aka tsallake, gwamnati ta tsoma baki ko ba ta tsoma ba. Duk waɗannan suna da muhimmanci. Amma akwai wani ɓangaren mulki da ya fi taɓa ɗalibi safe da yamma, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: wa ke yanke kuɗin ɗakin da yake kwana, da abincin da yake ci, da littafin da yake karantawa? Duk wanda ke riƙe da waɗannan abubuwa uku, shi ke tantance wanda zai kammala karatu da wanda zai tattara komatsansa ya koma gida tun a shekara ta biyu. Jami'o'in farko sun san da haka sarai, har jini ya zuba a kansa.

Mu fara da Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda ake lissafa kafuwarta daga shekarar 1088. Yawancin ɗalibanta baƙi ne da suka zo koyon shari'a daga sassan Turai, ba su da dangi a garin, dokar garin kuma ba ta ba su kariyar da take ba ɗan gari. Mai gidan haya ya tsuga musu abin da ya ga dama, mai shago ma haka. Sai suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka zaɓi shugaba daga cikinsu, ƙungiyar nan kuwa ita ce ta zama jami'ar. Su ke ɗaukar malami, su ke biyansa. Malamin da ya makara ko ya zarce lokaci, tara. Wanda ya tsallake babi mai wuya don ya huta, tara. In zai bar gari sai ya nemi izini, ya kuma ajiye kuɗin jingina cewa zai dawo. Mutane sun fi son ba da wannan ɓangaren na labarin saboda yana da ban mamaki. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka yi da haya. Ba mai gida kaɗai ke faɗin kuɗin ɗaki ba. Akwai masu ƙiyasi, wasu daga ɓangaren ɗalibai, wasu daga ɓangaren gari, su za su duba gida su yanke abin da ya dace a biya. Mai gidan da ya karya wannan ƙa'ida sai a haramta wa kowane ɗalibi kama haya a gidansa na tsawon shekaru.

Da me suka samu wannan ƙarfi? Da ƙafafunsu. Jami'ar ba ta da gini nata a lokacin, a ɗakunan haya da coci-coci ake karatu, saboda haka ranar da aka ɓata musu rai sai su naɗe littattafai su bar garin da masu gidaje da masu gasa burodi suna kallon juna. Ta haka aka samu jami'ar Padua a 1222, daga waɗanda suka fice daga Bolonya.

Sai batun littafi, wanda nan ne na fi ganin hikimarsu. Kafin injin ɗab'i, littafi ɗaya na shari'a ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai. Sai jami'a ta shiga yarjejeniya da masu shagunan littattafai na unguwar. Mai shago zai ajiye kwafi ingantacce wanda ba a ɗinke shi ba, a rarrabe ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi 'yan warƙoƙi. Ɗalibi ya zo ya biya ɗan abin da aka ƙayyade, ya karɓi ƙunshi ɗaya, ya tafi ɗakinsa ya zauna da alƙalamin gashin tsuntsu da tawada yana kwafa har fitila ta mutu, ya mayar, ya karɓi na gaba. A daidai lokacin nan wani ɗalibin yana riƙe da ƙunshi na biyar, wani na goma sha biyu, littafi ɗaya yana yi wa mutane da yawa aiki a rana guda. Jami'a ba ta tsaya nan ba. Ta naɗa kwamitin da ke zagaya shagunan yana duba kwafin nan ko akwai kuskure, domin kuskure ɗaya a uwar kwafi zai haifi ɗari. A birnin Faris na ƙasar Faransa, tun 1275 masu sayar da littattafai ke rantsuwa a gaban jami'a, ana kuma fitar da jerin littattafai da kuɗin hayar kowanne. Mai shago yana cin riba, ba a ce ya yi sadaka ba. An dai ɗauke shi a matsayin wani gaɓa na jikin makarantar, yana da haƙƙi, akwai kuma haƙƙi a kansa.

Inda aka kasa daidaita wannan alaƙa kuwa, abin bai yi kyau ba. A 1229, gardama kan kuɗin abin sha a wata mashaya a gefen Faris ta rikiɗe ta zama faɗa. Dakarun birni suka far wa ɗalibai, suka kashe wasu, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Malamai suka dakatar da karatu, suka watse zuwa wasu garuruwa, aka shafe shekara biyu. Sai a 1231 Paparoma Gregory na Tara ya fitar da takardar da ta dawo da su. A cikin abubuwan da takardar ta lissafa waɗanda za su halatta wa jami'a ta rufe aji, akwai kisan ɗalibi ko yi masa mummunan rauni, akwai kuma hana ta ƙayyade kuɗin haya. Ku dubi inda aka ajiye maganar haya, kafaɗa da kafaɗa da maganar rai.

A Ingila ma haka. A 1209 mutanen garin Oksfod sun rataye wasu ɗalibai bayan mutuwar wata mata, malamai da ɗalibai suka gudu, wasu suka yada zango a Kambirij, daga nan jami'ar can ta samo asali. Sulhun da aka yi a 1214 ya tilasta wa gari rage kuɗin haya zuwa rabi na tsawon shekara 10, da sayar wa ɗalibai abinci a farashi na adalci, da biyan sule 52 duk shekara domin ɗalibai matalauta. Daga wannan kuɗi ne a 1240 aka kafa akwatin bashi. Ɗalibin da guzurinsa ya ƙare kafin saƙon gida ya iso zai kawo littafinsa ko wani abu mai daraja ya ajiye jingina, a ba shi rance ba ruwa, in ya samu ya zo ya fanshi kayansa. In wa'adi ya wuce bai zo ba, a sayar, akwati ya ɗauki nasa.

Mafi muni shi ne na ranar 10 ga Fabrairu, 1355. Wasu ɗalibai suka yi ƙorafin an ba su gurɓatacciyar giya a wata mashaya a tsakiyar Oksfod, suka jefi mai wurin da kofi, gari ya kama da wuta. Aka kwashe kwanaki ana kashe-kashe, an ruwaito ɗalibai kimanin 63 da mutanen gari kimanin 30 sun rasa rayukansu. Sarki Edward na Uku ya goyi bayan jami'a, ya miƙa mata ikon sa ido kan farashin burodi da abin sha, da ma'auni da sikeli na kasuwar garin. Ya kuma wajabta wa magajin gari da manyansa su riƙa zuwa coci duk shekara a wannan rana suna biyan kwabo ɗaya kan kowane ɗalibin da aka kashe. Ba a daina ba sai 1825. Wannan hukunci ni ban ga adalci a cikinsa ba. Shekara 470 ana ƙasƙantar da jikokin jikokin mutanen da su ma an kashe nasu, ba wanda ya biya musu ko kwabo. Ɗaliban lokacin ba waliyyai ba ne, suna da gatan da kotun gari ba ta iya taɓa su, da yawansu kuma sun yi amfani da gatan sun ci zalin talakan gari. Tsarin Bolonya na zama tare a yanke ya fi wannan nesa ba kusa ba, domin ranar da jami'a ta zama ita ce mai saye kuma ita ce alƙalin kasuwa, zalunci ya sauya hannu ne kawai.

Ƙasashen Musulmi sun bi wata hanyar daban, wato wakafi. Mai kafa makaranta ba ya gina azuzuwa ya tafi. Yakan haɗa ta da shaguna ko gonaki ko gidajen wanka, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan malamai yana ciyar da ɗalibai. Makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, wadda Halifa Mustansir ya fara ginawa a 1227, tana da ɗakin girki da wurin wanka da likita da ɗakin karatu, ana ba ɗalibi abinci da alawus, ana koyar da mazhabobi huɗu a gida ɗaya. A Istambul, ginin Sulaimaniyya da aka yi tsakanin 1550 da 1557 ya haɗa masallaci da makarantu da asibiti da ɗakin dafa abincin jama'a, ga jerin shaguna a jikinsa suna kawo kuɗin shiga.  A wannan tsari kuɗin shago ke gangarowa zuwa cikin ɗalibi. Rauninsa shi ne ɗalibi ba shi da ta cewa. Komai na hannun mai kula da wakafin, in aka dace da mai amana makaranta ta bunƙasa, in aka samu maci amana sai tukunya ta daina hawa wuta, ɗalibai su watse ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san inda kuɗin ya shiga ba.

To, a jami'o'i da yawa na yau, a ƙasashe masu arziki da marasa shi, mun ɗauki raunin kowane tsari mun bar ƙarfinsa. Shagunan cikin makaranta da ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana sun koma hanyar samun kuɗin shiga. A ba da su haya ga wanda ya fi taya da tsada, shi kuma ya fanshe a jikin ɗalibi, domin ya san ba inda ɗalibin zai je tsakanin lacca da lacca. Kuɗin hayar ya shige babban asusu, ba wanda zai iya nuna maka inda ya fito. Kwamitin da ya ba da kwangilar ba ɗalibi a ciki, in ma akwai, an gayyato shi ne ya saurara. Gidajen hayar da ke kewaye da makaranta kuwa, hukumar jami'a takan ce wannan ba huruminta ba ne, alhali ita ta ɗauki ɗalibai fiye da gadajen da take da su, ita ta tura su hannun masu gidajen.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan lamari shi ne ƙaramin mai shago. Kowace jami'a tana da irinsa: mai injin kwafi a lungu wanda ya san littafin da ya ɓace daga laburare da malamin da ya sauya manhaja, ko mai abincin da ke da wani tsohon littafin rubutu a ƙarƙashin tebur, shafi-shafi da sunayen ɗalibai da abin da ake bin kowa, wasu an soke, wasu sun shekara ba a soke ba. Wannan littafin bashi shi ne ke yin aikin da akwatin Oksfod ya yi, sai dai shi daga aljihun mutum ɗaya yake fita, ba kuma jingina. Duk da haka, ranar da aka tashi gyaran fuskar makaranta, shi ake fara ba takardar tashi, a kawo babban kamfani wanda ba ya ba da bashin ko ruwan sha.

Za a ce ai zamani ya canza, jami'a mai ɗalibai dubbai ba za ta zauna tana ƙiyasta kuɗin kowane ɗaki ba, ƙayyade farashi da ƙarfi kuma yakan sa kaya su ɓace daga kasuwa. Akwai gaskiya a nan, ban kuma ce ɗalibai su koma cin malamai tara ba. Ɗalibin yau ba zai iya naɗe jami'a ya kai ta wani gari ba, gine-gine da takardar shaida sun ɗaure shi wuri ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa dole a ba shi kujera a rubuce cikin dokar makaranta, tunda makamin da na da suka dogara da shi ya kuɓuce masa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk kwamitin da zai ba da hayar shago ko kwangilar abinci ko ya ƙara kuɗin ɗakin kwana, a sa zaɓaɓɓun ɗalibai masu ƙuri'a a ciki, a sa wakilin masu shagunan su ma. A liƙa sharuɗɗan kwangila inda kowa zai karanta. Jami'a ta ajiye rajistar gidajen hayar da ta duba ta amince da su, mai gidan da ya saba cutar ɗalibai a cire sunansa a sanar. Kuɗin hayar shagunan makaranta kuma a ware wani kaso sananne a zuba a asusun rance marar ruwa, ɗalibai da malamai su riƙe shi tare, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a ƙarshen kowane zangon karatu.