Daga Nanogiram 15 Zuwa 350: Yadda Hukuncin Tabar Wiwi Ya Zama Hajar Ciniki a Gasar NFL

A shekarar 2014, wani matashi mai suna Josh Gordon, ɗan wasan ƙungiyar Cleveland Browns a gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka da ake kira NFL, ya ba da fitsarinsa domin gwaji kamar yadda aka wajabta masa yi sau da yawa a kowane wata. Mai karɓa ya raba fitsarin gida biyu a kwalabe biyu, ya liƙa wa ɗaya harafin A, ɗayar kuma B. Da aka kai ɗakin gwaji, kwalbar farko ta nuna nanogiram 16 na sinadarin da tabar wiwi ke bari a jiki a cikin kowace mililita, ta biyu kuma ta nuna 13.6. Iyakar da hukumar gasar ta gindaya a lokacin ita ce 15. Ƙa'idar ta ce kwalbar A ce ake aunawa da iyakar, ita kuwa B aikinta kawai ta tabbatar da cewa sinadarin yana nan ko da ɗan kaɗan ne. Ke nan da hannun mai karɓa ya liƙa haruffan a juye, da Gordon ya tsallake, ba wanda zai ji labarin. Nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na giram, kuma a kan guda ɗaya irinsa aka dakatar da shi na shekara guda cur ba albashi.

Wannan yaro ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. A kakar 2013, yana ɗan shekara 22, ya fi kowa a gasar tara yadi ta hanyar cafe ƙwallo, inda ya samu 1,646 a wasanni 14 kacal, domin an hana shi buga biyun farko saboda kodin da aka gani a jikinsa, wanda ya ce daga maganin tari da likita ya rubuta masa ne. Lauyoyinsa sun ɗaukaka ƙara, suka ce hayaƙin wasu ne ya shaƙa, suka kuma nuna tarin gwaje-gwajen da ya tsallake a baya. Wanda ya saurari ƙarar, Harold Henderson, tsohon babban jami'in hukumar NFL ɗin ne a sashen hulɗa da ma'aikata, kuma ofishin kwamishina Roger Goodell ne ya naɗa shi. A ƙarshen watan Agusta ya tabbatar da hukuncin. Makonni uku bayan haka, hukumar da ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya da ta ɗaga iyakar zuwa 35, aka kuma mayar da hukuncin Gordon wasanni 10. Adadin da ya zama laifi a watan Agusta ya koma ƙasa da sabuwar iyaka a watan Satumba, alhali ba wani sabon binciken likitoci da ya fito a tsakanin watannin biyu.

Ina so in kawar da wata fahimta tun da wuri. Wannan rubutu ba kariya ce ga tabar wiwi ba, kuma mai karatu da ya ga abin da ita da kodin da tiramol suka yi wa samarin unguwarsa ba ya buƙatar kowa ya gaya masa cewa kayan maye ɓarna ne. Abin da nake dubawa daban ne: hukumar da ta ce tana hukunta mutum domin lafiyarsa da tsabtar wasa, shin da gaske abin da take yi ke nan? Tarihin wannan iyaka da ta tashi daga 15 zuwa 35 a 2014, ta koma 150 a 2020, sannan ta kai 350 a watan Disambar 2024, yana nuna cewa masu ƙungiyoyi sun daɗe da ɗaukar hukuncin wiwi a matsayin haja da suke riƙe da ita sai ranar ciniki ta zo.

A duba abin da aka musanya kowane lokaci. A 2014 hukumar tana matuƙar son a fara gwajin jini domin gano sinadarin ƙara girman jiki da ake kira HGH, abin da 'yan wasa suka yi shekaru uku suna jan ƙafa a kai. Suka amince, aka ba su sassauci a kan wiwi tare da alƙalan sasanci masu zaman kansu da ɓangarorin biyu za su zaɓa domin sauraron ƙarar gwajin ƙwayoyi. A watan Maris na 2020 kuma masu ƙungiyoyi suna neman ƙarin wasa ɗaya a kaka, daga 16 zuwa 17, da faɗaɗa zagayen ƙarshe daga ƙungiyoyi 12 zuwa 14, domin kowane ƙarin wasa kuɗi ne masu yawa daga gidajen talabijin. Cikin abubuwan da suka bayar har da daina dakatar da ɗan wasa don kawai an ga wiwi a fitsarinsa, da mayar da hukuncin tara, da taƙaita lokacin gwajin daga watanni huɗu zuwa makonni biyun farko na sansanin atisaye. 'Yan wasan sun amince da ƙyar, ƙuri'a 1,019 da 959. Ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne ƙarara, kuma gishirin da 'yan wasa suka bayar jikinsu ne, domin a wannan wasa ƙarin awa uku a fili yana nufin ƙarin karo da kai, da gwiwa, da kafaɗa.

Idan har wiwi na da haɗarin da ya kai a raba mutum da sana'arsa na shekara guda, to bai halatta a sayar da wannan kariya da wasa na 17 ba. Idan kuma haɗarin bai kai haka ba, to an zalunci mutanen da aka kora a baya. Ricky Williams, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a 2002 da yadi 1,853 a ƙungiyar Miami Dolphins, ya ajiye wasa a 2004 yana fuskantar hukuncin wiwi, ya dawo, aka sake dakatar da shi kakar 2006 gaba ɗaya har ya tafi Kanada ya buga wa Toronto Argonauts. Martavis Bryant na Pittsburgh Steelers ya rasa kakar 2016. Randy Gregory ya shafe kakanni biyu cur, 2017 da 2019, a waje lokacin da yake Dallas Cowboys. A sana'ar da matsakaicin ɗan wasa bai cika wuce shekara uku da 'yan watanni a cikinta ba, kuma yawancin kwantiragi ba su da tabbacin biya idan an sallami mutum, shekara ɗaya ba ƙaramin yanki ba ne na duk abin da zai samu a rayuwarsa. Ba wanda aka mayar wa da sisin kwabo.

Masu goyon bayan tsauri suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa ƙa'ida ƙa'ida ce, ɗan wasa ya san ta kafin ya sa hannu, kuma wanda ake gwadawa har sau goma a wata amma ya kasa kiyayewa yana da matsalar da ta wuce nanogiram ɗaya. A kan Gordon ma gaskiyarsu ce, domin shi da bakinsa ya faɗa a 2017 cewa tun yana ƙaramin ɗalibi ya fara shaye-shaye, kuma kusan kowane wasa yakan shiga fili da wani abu a jikinsa. An sake dakatar da shi kakar 2015 saboda giya, bai buga ko wasa ɗaya ba a 2016 da ya shiga gidan gyaran hali, sai a ƙarshen 2017 ya dawo. To amma wannan hujja kanta ita ce ke rusa tsarin. Mutumin da jarabar maye ta kama shi mara lafiya ne, kuma abin da dakatarwa ta shekara guda ke yi shi ne ta hana shi shiga harabar ƙungiyarsa, ta raba shi da masu horar da shi da abokan wasansa da jadawalin da ke tashinsa da asuba, ta bar shi a gida da kuɗi da kaɗaici da tsofaffin abokai. Duk wanda ya taɓa rainon ɗan uwa mai wannan lalura ya san cewa zaman banza ne babban abokin gabarsa. An maimaita wa Gordon wannan magani sau da yawa, kuma bai warkar da shi ba.

Dakatarwa tana da muhallinta, wato inda mutum ya yi maguɗi. Wanda ya sha ƙwayar ƙara ƙarfi ya cuci wanda zai yi karo da shi a fili, ya kuma cuci wanda ya rasa gurbi saboda shi. Abin mamaki shi ne yadda ma'aunin ya kasance a karkace. A kakar 2018 Gordon da Julian Edelman suna ƙungiya ɗaya, New England Patriots, suna buga matsayi iri ɗaya. An dakatar da Edelman wasanni huɗu na farko saboda karya dokar ƙwayoyin ƙara kuzari, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, ya dawo, kuma a watan Fabrairun 2019 shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na Super Bowl da suka doke Los Angeles Rams da ci 13 da 3. Gordon kuwa tun a watan Disamba aka dakatar da shi har sai abin da hali ya yi, bisa dokar kayan maye, kuma ba ya filin a wannan dare. Irin wannan karkata ce ta fusata jama'a a 2014, lokacin da aka dakatar da Ray Rice, ɗan wasan Baltimore Ravens, wasanni biyu kacal bayan ya doki budurwarsa har ta suma a cikin lif, a daidai makonnin da ake shirin yanke wa Gordon shekara guda.

Batun ɗaukaka ƙara ya gyaru tun 2014, kuma wajibi ne a yaba, domin tsarin da hukuma ke tuhuma sannan ta naɗa ma'aikacinta ya yi alƙalanci ya bar wuƙa da nama a hannu ɗaya. Sai dai sauya alƙali bai sauya dokar da yake aiki da ita ba. Ƙa'idar ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba, don haka ƙofar tsira kusan ɗaya ce, wato a nuna kuskure a yadda aka karɓi samfurin ko aka adana shi. Ta nan Richard Sherman na Seattle Seahawks ya fita a watan Disambar 2012, da ya nuna cewa kofin fitsarinsa yana yoyo, mai karɓa kuma ya sa wani kofin da hatiminsa ya riga ya buɗe. Kevin Williams da Pat Williams na Minnesota Vikings kuwa, waɗanda aka kama a 2008 da wani sinadari da ke cikin maganin rage ƙiba na StarCaps ba tare da an rubuta shi a jikin kwalbar ba, sai da suka yi kusan shekara uku a kotuna, a ƙarshe Kevin ya yi zaman wasanni biyu a 2011. Mai manyan lauyoyi da masanan sinadarai yana iya gwada sa'arsa, ɗan wasan da ke kan mafi ƙarancin albashi kuwa yakan haƙura ne kawai.

Akwai wani ɓangare da hukumar ba ta son a daɗe a kansa. Yayin da ake farautar wiwi a fitsari, likitocin ƙungiyoyi suna raba magungunan kashe zafi masu ƙarfi domin mutum ya iya fita fili ranar Lahadi, kuma tsofaffin 'yan wasa da dama sun ba da labarin yadda ake yin layi a ɗakin sauya kaya domin allurar Toradol kafin wasa. Wani bincike da Jami'ar Washington da ke St. Louis ta fitar a 2011 a kan tsofaffin 'yan wasa 644 ya gano cewa kashi 52 cikin ɗari sun yi amfani da magungunan dangin ofiyom lokacin da suke wasa, kuma kashi 71 cikin ɗari na waɗannan sun sha su ba bisa ƙa'ida ba. A 2014 ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Richard Dent da Jim McMahon, suka kai hukumar ƙara a kan wannan. Eugene Monroe na Baltimore Ravens ya fito fili a 2016 tun bai ajiye wasa ba ya nemi a binciki wiwi a matsayin madadin waɗannan ƙwayoyi. A watan Yuni ƙungiyar ta sallame shi, a Yuli ya ajiye wasa yana ɗan shekara 29. Sai a 2022 hukumar ta ba da dala miliyan ɗaya ga masu bincike a jami'o'in California da ke San Diego da Regina ta Kanada domin nazarin tambayar da Monroe ya yi. Ko binciken ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi, hukumar da ta rufe ido a kan ƙwayar da likitanta ke bayarwa ba ta da bakin cewa lafiyar ɗan wasa ce ta sa take ƙirga nanogiram. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe.

Gaskiya ne ƙasar ma ta sauya. Jihohin Colorado da Washington sun halatta wiwi ga manya a 2012, yau kusan rabin jihohin Amurka sun bi sahu, gasar ƙwallon kwando ta NBA ta dakatar da gwajinta a 2020 sannan ta soke shi a hukumance a 2023, gasar ƙwallon baseball ta MLB kuma ta cire ta daga jerin miyagun ƙwayoyi tun 2019. NFL ta bi iska ne, amma ta tabbatar an biya ta kafin ta bi. Yarjejeniyar yanzu za ta ƙare bayan kakar 2030, kuma Goodell ya riga ya fara maganar wasa na 18 a bainar jama'a. Hajar wiwi ta kusa ƙarewa a rumbun masu ƙungiyoyi, tun da iyakar 350 ta ninka abin da aka samu a kwalbar Gordon fiye da sau ashirin. Abin da ya kamata ƙungiyar 'yan wasa ta ɗora a teburi a wannan karo shi ne a cire tarar kuɗi daga shirin jinyar masu jarabar maye baki ɗaya, a bar wanda ke jinya ya ci gaba da zuwa atisaye, sannan likitan da ke yanke shawarar yi wa ɗan wasa allura kafin wasa ya kasance ba ƙungiyar da ke son ya buga ce ke biyansa albashi ba.