Giɓin kasafi: kowa ya hau mulki sai ya fake da yaƙi

Cacar bakin da ake yi a Abuja kan giɓin kasafin kuɗi ta ishi duk mai bin lamarin, domin 'yan APC da 'yan adawa suna magana kamar babu wanda ya ji abin da suka faɗa jiya. Kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99 ya zo da giɓin da ya haura tiriliyan 13, kuma amsar masu kare gwamnati ba ta wuce cewa ƙasar da ke yaƙi a Borno da Zamfara ba ta da zaɓi sai cin bashi.

A 2014, da Jonathan ya nemi majalisa ta amince ya ranto dala biliyan ɗaya don yaƙar Boko Haram, sanatocin APC ne suka tayar da jijiyar wuya. A Disambar 2017, da gwamnoni suka yarda Buhari ya ɗebi dala biliyan ɗaya daga asusun rarar mai saboda yaƙin nan dai, gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose na PDP, ne ya cika gari da kururuwa. Tsakanin waɗannan shekaru aka gurfanar da Sambo Dasuki, tsohon mai ba Jonathan shawara kan tsaro, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, amma wannan bai koya wa majalisa tambayar inda kuɗin tsaro ke shiga ba. Har yau gwamna yana karɓar kason tsaro wata-wata ba tare da ya nuna wa kowa rasit ba, alhali sojan da ke Damboa yana kukan alawus.

Masu cewa a rage wa manyan kamfanoni haraji, arziki zai bunƙasa ya cike giɓin da kansa, sai su dubi Amurka. George Bush ya gaji rarar kuɗi daga Clinton, ya zabtare haraji a 2001 da 2003, ya kuma shiga yaƙi a Afganistan da Iraƙi, rarar ta koma giɓi. Ƙasar da ke buga dala ce wannan, mu kuwa mun ware sama da naira tiriliyan 14 don biyan bashi a kasafin 2025 kaɗai. Masu kiran a daina cin bashi gaba ɗaya kuma, ba su taɓa faɗin albashin da za su tsayar ba.

Kafin majalisa ta sake amincewa da wani rance da sunan tsaro, ya kamata Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya bi diddigin na baya, a karanta rahotonsa a zauren majalisa kowa yana ji.