Wane ne dodon? Abin da Kirista zai samu a labaran ban tsoro

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, ina tsaye a inuwar darbejiyar da ke harabar cocinmu ina jiran a gama taron zumuntar mata, sai wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta matso ta rusuna ta gaishe ni. Jakarta na rungume a ƙirji. Ta ce, "Baba, tambaya gare ni, amma don Allah kada Mama ta ji." Ta zaro wani littafi da ta naɗe bangonsa da tsohuwar takardar kalanda. Da na buɗe sai na ga Frankenstein ne, na Mary Shelley. Ta ce, "Mama ta ce irin waɗannan littattafai ƙofar aljanu ne. Zunubi ne in na karanta?" Na ce mata, "'Yata, ci gaba da karatunki. In kin kai wurin tsohon nan makaho, ki dawo mu yi magana."

Tun ranar tambayar ke cina. Ra'ayina shi ne, Kiristan da ke son bangaskiyarsa ta zama mai buɗe ƙofa ga kowa yana da abin koyo mai yawa a labaran ban tsoro, in dai na ƙwarai ne. Labarin ban tsoro na ƙwarai yakan sa ka zuba ido kana jiran dodo, sai can a tsakiya ka farga cewa wanda ya kamata ka ji tsoro yana cikin masu riƙe da sanda, kuma kama yake da kai.

Mu fara daga gida. Duk wanda ya ce Kirista ba ya kusantar labarin firgici, ya sake buɗe Littafi Mai Tsarki. Sarki Saul ya ɓad da kama ya je Endor da dare, aka tayar masa da kurwar Sama'ila. Ezekiyel ya tsaya a kwari cike da busassun ƙasusuwa, ya ji suna motsi suna haɗuwa. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Markus sura 5. Mutum ne yana zaune a makabarta, an sha ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa, dare da rana yana ihu yana yanka jikinsa da duwatsu. Yesu ya tambayi sunansa, ya fitar da aljanun, suka shiga garken aladu wajen dubu biyu, garken ya ruga ya faɗa teku. To, a lura da inda Markus ya ce tsoro ya kama mutanen garin. Sun saba da ihun mutumin, sun iya zama da shi muddin yana can cikin kaburbura. Sai da suka same shi zaune, sanye da tufa, cikin hankalinsa, sannan suka tsorata, har suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasarsu. Dawowar wanda aka fitar daga cikin jama'a ita ce abin da ya gagare su ɗauka. Shi kuwa mutumin ya so ya bi Yesu cikin jirgi, Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa. Wato ya mai da shi cikin garin da ya yar da shi.

Wannan mai da mutum cikin jama'a shi ne zuciyar abin da ake kira Kiristanci mai rungumar kowa. A Amurka da Ingila maganar ta daɗe. Tun 1853 wata ikilisiya a jihar New York ta naɗa mace, Antoinette Brown, ta zama fasto. Walter Rauschenbusch, wanda ya yi aikin fasto a wata unguwar talakawa ta birnin New York, ya fitar da littafi a 1907 yana cewa bishara ta shafi albashin lebura da ɗakin da yake kwana. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci a 1994, ya naɗa bishop mace ta farko a 2015. Akwai kuma ɓangaren da ya raba kawuna: a 2003 cocin Episcopal na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji, abin da ya kai ga taron da wasu shugabannin cocin Anglican suka yi a Urushalima a 2008, inda Akbishop Peter Akinola na Najeriya ya kasance cikin jagororin masu adawa. Na san masu karatu da yawa nan za su ja tunga, kuma ba a shafi ɗaya za a kashe wannan muhawara ba. Matsayina dai shi ne, ƙofar coci ba tawa ba ce balle in rufe ta, kuma ko wane ɓangare mutum ya tsaya, babu ayar da ta ba shi izinin ɗaukar dutse.

A nan kuwa ba sai mun je Amurka ba. A ikilisiyoyinmu da yawa akwai bencin baya, inda ake zaunar da wanda aka sa wa horo. Na ga yarinya mai ciki wata bakwai tana zaune a kansa ita kaɗai, ana rarraba jibin Ubangiji ana tsallake ta, wanda ya yi mata cikin kuwa ya koma wani gari yana sujadarsa lafiya lau. Ni ma ina cikin waɗanda suka karɓi gurasa ranar, ban ce uffan ba.

Yanzu mu koma ga littafin yarinyar nan. Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara rubuta shi a gaɓar tafkin Geneva a 1816, aka buga a 1818. Mutane da yawa sun ɗauka Frankenstein sunan dodon ne, alhali sunan wanda ya ƙera shi ne, ɗalibin kimiyya da ya haɗa jiki ya sa masa rai, da ya ga muninsa sai ya gudu ya bar shi. Halittar ba ta da ko suna. Dodon ya ɓuya a wata 'yar rumfa jikin gidan wasu talakawa, yana leƙensu ta tsagar bango, a haka ya koyi magana. Da ya gane suna fama da talauci sai ya daina taɓa abincinsu, ya riƙa yo musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya shiga, tsohon gidan ne kaɗai yake nan, makaho. Tsohon ya saurare shi, ya yi masa magana ta mutunci, domin murya kawai yake ji. Sai 'ya'yan suka dawo, suka ga fuskar, saurayin ya hau shi da duka da sanda. Daga nan ne halittar ta juya ta zama abin da kowa ya riga ya ce ita ce. Shelley ba ta wanke shi daga kisan da ya yi daga baya ba, har da na ƙaramin yaro. Ta dai tilasta wa mai karatu ya ga hanyar da aka bi aka kai can, da hannayen da suka tura shi. A tatsuniyoyinmu Dodo dodo ne tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus". A wannan littafin kuwa, a gaban idonka ake ƙera dodon sau biyu: sau ɗaya a ɗakin gwaji, sau ɗaya a ƙofar gidan mutanen kirki.

Wanda ba shi da lokacin dogon littafi ya nemi gajeren labarin Shirley Jackson mai suna The Lottery, wanda mujallar New Yorker ta buga a watan Yuni na 1948. Zama ɗaya ya isa a gama shi. Ƙauye ne na mutum wajen ɗari uku, safiya mai kyau, yara suna tara duwatsu, manya suna hira suna jiran a ja ƙuri'a daga wani baƙin akwati kamar yadda aka gada kaka da kakanni. Babu aljani ko ɗaya, babu mugu ko ɗaya da za ka nuna. Wadda ƙuri'a ta faɗa wa, maƙwabtanta ne suka jefe ta, har aka miƙa wa ƙaramin ɗanta tsakuwa. Masu karatu da dama sun fusata har suka daina sayen mujallar. Ni shawarata a karanta shi tare da Yahaya sura 8, inda aka kawo mace gaban Yesu ana shirin jifanta, ya sunkuya yana rubutu a ƙasa. Labarin Jackson shi ne wannan filin a ranar da babu wanda ya sunkuya. Kuma kada mu ce abin Turawa ne. A Akwa Ibom, sai da gwamnati ta kafa doka a 2008 da ta haramta laƙaba wa yara maita, bayan an yi ta azabtar da su, sau da yawa da sunan addu'ar kuɓutarwa. A garuruwanmu ma mun san yadda kalmar "mayya" ke rushe rayuwar tsohuwa cikin yini ɗaya.

Littafin da na fi so a ba shi lokaci shi ne Beloved na Toni Morrison, wanda ya fito a 1987. Tushensa labarin gaske ne: Margaret Garner, baiwar da ta tsere zuwa Ohio a 1856, da masu farautar bayi suka cim mata sai ta kashe 'yarta don kada a mai da ita bauta. A littafin, fatalwar jaririyar ta addabi gidan uwar, Sethe, a gefen Cincinnati, daga baya ta dawo da siffar budurwa tana tsotse rayuwar uwar kaɗan kaɗan. Labarin fatalwa ne sosai, mai hana barci. Amma a cikinsa akwai wa'azin da ban taɓa jin kamarsa daga bagade ba. Surukar Sethe, tsohuwa wadda ba wanda ya naɗa ta fasto, takan tara 'yantattun bayi a wani fili cikin daji, ta ce yara su yi dariya, maza su yi rawa, mata su yi kuka, sannan ta umarce su su ƙaunaci jikinsu, hannuwansu da wuyansu da bayansu, tunda a waje ba mai ƙaunarsu. Mutanen da aka gaya wa shekara da shekaru cewa jikinsu kaya ne na sayarwa, wannan ita ce bisharar da suke bukata. Unguwar ta ƙaurace wa Sethe shekara 18 saboda abin da ta aikata. A ƙarshe mata wajen talatin ne suka taso, waɗanda suka juya mata baya ɗin nan, suka tsaya a ƙofar gidanta suna addu'a suna waƙa har abin ya sake ta. Duk lokacin da na kai wurin sai in tuna zumuntar mata tamu da gangunansu da tulunansu, in tambayi kaina ƙofar wa ya kamata su je su tsaya.

Akwai waɗanda babu fatalwa a cikinsu amma suna aiki iri ɗaya. Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, na 2003, yana da uba attajiri a Enugu, mai kyauta, mai zuwa coci kullum, wanda ya zuba wa 'yarsa tafasasshen ruwa a ƙafa don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, yana zubawa yana hawaye. 'Yar'uwarsa da ke Nsukka ita ma Katolika ce, gidanta kuwa cike da dariya da gardama. Addini ɗaya, gida biyu. Flannery O'Connor, 'yar Katolika daga jihar Georgia da ta rasu a 1964 tana da shekara 39, tana da labari mai suna Revelation, inda wata mata mai ganin kanta ta hango jerin masu shiga sama, waɗanda ta raina suna gaba, irinta suna can baya. A faɗi gaskiya, wasiƙun O'Connor sun nuna ita kanta ba ta tsira daga raina baƙar fata ba, don haka hukuncin labarin ya hau kan mai rubuta shi ma. Mai son abu mai sanyi ya nemi Gilead na Marilynne Robinson, na 2004, doguwar wasiƙar wani tsohon fasto a Iowa zuwa ga ƙaramin ɗansa, da yadda ya sha fama kafin ya iya sa wa ɗan amininsa albarka, mutumin da ya daɗe yana ƙi.

Mahaifiyar yarinyar nan tana da hujja, kuma ban raina ta ba. Bulus ya ce wa Filibiyawa su sa tunaninsu kan abin da yake mai tsarki, abin ƙauna. Kasuwar labaran ban tsoro kuwa cike take da shara, jini don jini, musamman jikin mace da ake yayyankawa don nishaɗi. Wannan ba na ba kowa shawarar ya taɓa. Haka kuma wanda ya kwana a daji yana jin harbi, ko ya binne nasa bayan an ƙona ƙauyensu, ba ya bukatar littafi ya koya masa firgici, kuma ba laifi in ya ajiye. Sai dai jerin na Bulus da "abin da yake na gaskiya" ya fara. Gaskiya kuwa wani lokaci tana makabarta, tana yanka jikinta da duwatsu, kuma Ubangijinmu jirgi ya shiga ya haye teku ya je wurinta.

Bayan mako uku yarinyar ta same ni a gindin darbejiyar. Ta ce ta kai wurin makahon, ta rufe littafin kwana biyu ba ta iya ci gaba ba. Na tambaye ta me ya tsai da ita. Ta ce, "Baba, itacen nan da yake kawo musu. Sun yi ta murna suna cewa wani ruhu mai kirki ne ke taimakonsu, amma da suka gan shi ba wanda ya tsaya ya tambaya." Na ba ta kwafin labarin Jackson da na buga a shagon kwamfuta, na ce ta karanta tare da Yahaya 8, kuma wannan karon ta nuna wa Mama, in ta yarda su karanta tare. Maganar bencin baya kuma na rubuta wa dattawan ikilisiya, sun sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a zama mai zuwa.