Alhaji Zai Cusa Wayoyin Ofis Cikin Kwamfuta

ALHAJI: Injiniya, an ce min yanzu kwamfuta ɗaya tana haɗiye injuna goma. Kwashe akwatunan wayar ofis ɗin nan kaf ka cusa mata, mu huta da kuɗin wuta.

INJINIYA: Ranka ya daɗe, wasu za su shiga, wasu ko da guduma ba za su shiga ba. Mai raba kira, wato Asterisk, manhaja ce, za ta shiga. Ma'ajiyar saƙon murya ma haka. Har matar nan mai cewa "danna ɗaya"...

MASINJA: Innalillahi! Ita ma ciki za ta zauna? Ko taga babu fa.

INJINIYA: Murya ce kawai aka naɗa.

ALHAJI: Shi ya sa ban taɓa jin ta nemi ƙarin albashi ba. Allah ya yi mata albarka. Wannan ɗan akwatin fa?

INJINIYA: Shi ke haɗa mu da tsohon layin tagulla, sai an soka masa waya a rami. Layin E1 mai ɗaukar kira 30 lokaci guda ma haka yake. Manhaja kuwa ba ta da rami.

ALHAJI: A huda mata.

INJINIYA: Ba ta huduwa, Alhaji. Kuma waɗanda suka shiga ɗin ma sai an ware musu ƙarfinsu. Ita murya gutsuttsura ta ake yi, a tura kowane gutsure bayan milisakan 20, shi milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan kwamfutar ta shagala da lissafin akawu na ƙarshen wata, sai gutsattsarin su riƙa makara. Imel ya yi latti minti guda babu mai sani, amma jinkirin murya in ya wuce milisakan 150, kai da mai kira sai ku yi ta cin karo a magana.

MASINJA: Kamar yadda Alhaji ke yi da Hajiya.

ALHAJI: Rufe min baki! Injiniya, tsaya. In aka cunkusa, muryata za ta riƙa yayyankewa?

INJINIYA: Ƙwarai. Sai ka ce daga ƙasan rijiya kake magana.

ALHAJI: Ko masu bina bashi ne suka kira?

INJINIYA: Ai kwamfuta ba ta san mai bin bashi ba.

ALHAJI: To cunkusa. Ka ƙara mata da lissafin bara.