Wa Ya Fi Ƙarfi? Maganata ga Ƙannena na Nima da Mamobi

Duk wanda yake zama a majalisun ataya na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ya san musun nan da ba ya ƙarewa: tsakanin Goku da Superman wa zai kayar da wani? In an gaji da su a jawo Hulk, a jawo Saitama. Ni ina cikin masu son musun nan, domin yaron da ya koyi kafa hujja a kan jarumin katun, gobe zai iya kafa ta a kan abin da ya fi wannan nauyi. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da ƙannenmu suka koma riƙewa.

Yanzu sai ka ga yaro ya tsayar da bidiyo a wayarsa, ya ware ta da yatsu biyu, ya gwada tsayin dutsen da jarumi ya farfasa da tsayin mutumin da ke tsaye kusa da shi, ya fitar da nauyin dutsen, sannan ya ce naushin nan ya kai ƙarfin bam tan kaza. Daga nan a raba jarumai aji-aji: wannan mai rusa gari ne, wancan mai rusa duniya, wancan kuwa har rana yana iya kashewa. Akwai ƙwaƙwalwa a aikin, na yarda. Amma mai zanen bai auna dutsen ba. Ya zana shi ƙato ne don gabanka ya faɗi, kuma a shafi na gaba sai ka ga dutsen ya ragu gwargwadon filin da ya rage masa a takarda. Kana ta zufa a kan lambobin da mai labarin bai taɓa kawo su a ransa ba.

Ɗauki Superman. Wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938 ko tashi sama ba ya yi, tsalle yake yi ya ƙetare dogon gini. Bajintar da aka nuna a bangon littafin farko ita ce ɗaga mota. Da tafiya ta yi tafiya, wasu marubutan suka sa shi yana ture duniyoyi daga mazauninsu. A 1986 John Byrne ya sake rubuta shi, ya rage masa ƙarfi da gangan. To, in ka ce Superman zai ci Goku, wanne daga cikinsu kake nufi? Yawancin masu musu sukan tsinto bajinta mafi girma da aka taɓa ba shi a shekaru sama da 80, ko da sau ɗaya ta faru, su ce wannan shi ne ƙarfinsa. Ni ban yarda ba. Ƙarfin jarumi shi ne abin da ya saba yi, wanda labarin ya maimaita har ya zama halinsa.

Masu goyon bayan Goku za su ce su ai suna da lambobi. Gaskiya ne, Akira Toriyama, wanda ya fara Dragon Ball, labarin su Goku, a 1984, ya kawo wata na'ura da ake maƙalawa a ido tana karanta ƙarfin mutum. Ta ba wani manomi 5, Frieza, abokin gabar Goku, kuma ya ce nasa 530,000 ne. Amma ku lura da abin da labarin ya yi da na'urar. Kullum yaudarar masu ita take yi, saboda su Goku sun iya ɓoye ƙarfinsu, kuma in ƙarfin ya hau sai ta tarwatse a fuskar mai ita. Daga baya ma aka daina ambatonta. Sannan tun farkon labarin tsoho Roshi, malamin Goku, ya fasa watan da ke sama. In lissafi za a bi, duk wanda ya zo bayansa ya ninka shi sau dubbai, kowane harin da ya kuskure ya kamata ya raba duniya biyu. Amma muna ganinsu suna faɗa, tsaunuka kawai ke zubewa.

Akwai kuma hujjar sarƙa: wane ya ci wane, shi kuma ya ci wane, saboda haka na farko ya fi na ƙarshe. Mu da muke gari ɗaya da Bukom, unguwar 'yan damben boksin, bai kamata wannan ta ruɗe mu ba. Joe Frazier ya ci Muhammad Ali a 1971. George Foreman ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a 1973. Bisa sarƙa, Ali ba shi da ta cewa a gaban Foreman. Amma a Kinshasa a 1974 Ali ya jingina da igiya, ya bar shi ya yi ta duka har ya gaji, ya kwantar da shi a turmi na takwas. Waɗannan mutane ne masu jini da tsoka, ana auna nauyinsu kafin su shiga, duk da haka sarƙar ta tsinke.

Inda na fi so mu tsaya shi ne juriya, domin nan aka fi yin aika-aika. Ana ɗauka cewa wanda ya iya fasa dutse, jikinsa ma zai jure abin da zai fasa dutse. Ba dole ba ne. Kai duka daban, shanye duka daban, kuma shi kansa shanyewar iri-iri ce. Mun taso muna jin ana cewa ɗan tauri wuƙa ba ta cinsa, amma ba wanda ya ce sanda ba ta kama shi. Superman harsashi ba ya shigarsa, amma ɗan guntun dutsen kiriftonayit yana durƙusar da shi, sihiri ma yana cinsa. Goku da ya kai matsayin karawa da manyan halittun sama, a fim ɗin 2015 wani ƙaramin bawan Frieza ya harbe shi ya faɗi, don kawai ya saki jiki. A wani reshen labarin ma ciwon zuciya ne ya kashe shi. In kana son sanin juriyar jarumi, ka tambayi abin da ke sa shi zub da jini, da yadda yake tashi bayan ya zubar. Ɗan damben Ghana Azumah Nelson bai ci Salvador Sánchez ba a 1982, an kira shi ne a ƙurarren lokaci, amma ya tsaya har turmi na 15, kuma daga daren nan duniya ta san shi. Shekara biyu bayan haka ya ɗauki kambu a hannun Wilfredo Gómez.

Kakanninmu sun iya wannan awon ba tare da lamba ba. A tatsuniyar Mijin Maza, ana nuna maka gugan da sai maza goma ke jan sa, sannan a nuna maka yaron goye ya sauko daga bayan uwarsa ya janyo shi shi kaɗai. Ba a faɗa maka komai a kan uban yaron ba tukuna, amma cikinka ya riga ya ɗuri ruwa. Ma'aunin yana cikin labarin, kuma a can kawai yake aiki.

Stan Lee, marubucin da yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Hulk, ya taɓa cewa wanda marubuci yake so shi ne zai yi nasara. A wajen rubutu ya faɗi gaskiya, amma ban yarda wannan ya rufe bakin mai karatu ba. In marubuci ya nuna mini jarumi yana haki wajen ɗaga mota jiya, yau kuma ya sa shi ɗaga tsauni ba horo ba dalili, ina da ikon in ce ya karya dokar da shi ya kafa. Irin musun da nake so in riƙa ji a majalisa ke nan: ka faɗi wanne Superman, na wace shekara, na wane marubuci, ka kawo bajintar da ya maimaita, ka kawo kuma ranar da aka kayar da shi da abin da ya kayar da shi.